Lemu Na Jiran Ruwa, Mishmish Na Jiran Sanyi

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, sa'an nan ta miƙa zuwa Bunguɗu, in dai cikin watan Janairu ne, zai ga mangwarori sun lulluɓe da fure, alhali kuwa an yi kusan wata uku rabon ƙasa da ruwan sama. Wannan abu an saba da shi har ba a tambayar dalilinsa. Amma dalilin nan shi ne abu na farko da ya kamata mai niyyar kafa gonar itatuwan marmari ya sani, domin sau da yawa bishiya mai 'ya'ya tana da wata alama da take jira daga yanayi kafin ta yi fure, kuma ta gaji wannan alama ne daga ƙasar da kakanninta suka fito. In alamar ba ta zo ba, bishiya za ta iya yin ganye, ta ba da inuwa, amma ba za a ci ɗanta ba.

Kuskure a wannan fanni yana da tsada. Manomin gero ko dawa in ya shuka irin da bai dace ba, damina guda ya yi hasara, baɗi sai ya gyara. Mai dasa bishiya kuwa sai ya shekara huɗu ko biyar yana ɗibar ruwa, yana fama da awaki da gara, kafin ya gane ko ya dace ko bai dace ba. Itatuwa biyu sun isa su nuna yadda al'amarin yake: lemu, wanda kowa ya sani, da kuma afirikot, wanda Larabawa ke kira mishmish, wanda kuma alhazai kan ci karo da busasshensa a kasuwannin Makka da Madina.

Abin da yanayin Zamfara ke bayarwa

Gusau, babban birnin Jihar Zamfara tun ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba 1996, tana bisa layi na 12 ne arewa da tsakiyar duniya, tudunta kuma bai kai mita 500 daga doron teku ba. Ruwan saman da ake samu a shekara yakan kama daga wajen milimita 800 zuwa 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da farkon Oktoba. Daga nan sai rani na wata shida zuwa bakwai. A tsakiyar hunturu, watau Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, da rana kuwa zafi ya koma kusa da 30. Da bazara ta kama, cikin Maris da Afrilu, sai ya kai 40. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bunguɗu kafin ya isa madatsar ruwa ta Bakolori, kuma fadamunsa su ne wuraren da ruwan ƙasa ya fi kusa. A tudun Tsafe, inda duwatsu da marmara suka yawaita, sai a dogara ga rijiya.

Mai karatu ya riƙe abu biyu daga nan: doguwar ƙishirwa, da sanyi mai sauƙi wanda ba ya daɗewa.

Mishmish da lissafin sanyi

Asalin mishmish daga tsakiyar Asiya ne da ƙasar Sin, inda ƙanƙara ke sauka kowace shekara. Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa, musamman lardin Malatya, ana kuma yin sa sosai a Uzbekistan da Iran da ƙasashen Afirka ta Arewa. A irin waɗannan wurare bishiyar da ta yi garajen fure da zarar ta ji ɗan ɗumi a tsakiyar lokacin sanyi, ƙanƙarar da za ta biyo baya sai ta ƙone furen. Saboda haka waɗanda suka wanzu su ne masu wata dabara ta kāriya. Da kaka ta yi sai bishiyar ta zubar da ganyenta ƙaf, idanun tohonta su shiga wani barci mai nauyi, wanda ruwa ko taki ko ɗumi ba sa iya tashe su daga gare shi. Abin da ke tashinsu shi ne sanyi. Idon toho yana tara sa'o'in da ya yi cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba, sai adadin ya cika sa'an nan ɗumin da ya biyo baya zai buɗe shi. A cikin idon kuwa, sinadarin da ke hana girma, wanda ake kira absisik asid, yana raguwa a hankali, masu sa girma, watau dangin jibarelin, suna ƙaruwa.

Yawancin nau'o'in mishmish suna bukatar daga sa'o'i 300 zuwa 900 na irin wannan sanyi, wasu ma fiye. Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa. A ce kowane dare na Disamba da Janairu, dare 62 ke nan, sanyin Gusau ya sauko ƙasa da digiri 7 har tsawon sa'a biyar. Jimla sa'a 310, watau da ƙyar a kai bukatar nau'i mai sauƙin kai. To, sanyin Gusau ba ya ma zuwa kusa da nan. Bugu da ƙari, bincike ya nuna cewa zafin rana yana goge sanyin da aka tara da dare, ranar hunturu kuwa a Zamfara ba ta rasa zafi. Hatta ƙwallon mishmish ba ya tsirowa da kyau sai ya yi makonni cikin danshi da sanyi, shi ya sa masu renonsa kan ajiye shi cikin firiji tukuna. Wanda ya samo dashe daga waje ya dasa a Tsafe ko Bunguɗu, abin da zai gani shi ne toho jefi-jefi, rassa tsirara da rana za ta ƙona, fure kaɗan ko babu, da bishiyar da ke ramewa shekara bayan shekara.

Gaskiya ne akwai hanyoyin yaudarar irin waɗannan itatuwa. A Batu, a tsibirin Jawa na Indunusiya, manoma kan tsige ganyen tuffa da hannu bayan an girbe 'ya'ya, domin su tilasta mata sabon toho kafin ta shiga barci mai nauyi. Amma Batu kan tsauni take, kamar yadda Jos take fiye da mita 1,000 sama da teku. Ga manomin Zamfara mai neman riba, kuɗin dashen mishmish kuɗi ne da aka zuba a rijiya.

Lemu da ƙishirwa

Shi lemu labarinsa dabam ne. Wani babban bincike kan ƙwayoyin gadon dangin lemu da aka buga a shekarar 2018 ya nuna cewa asalinsu daga gindin tsaunukan Himalaya ne ta kudu maso gabas, wajen arewa maso gabashin Indiya da arewacin Myanmar da lardin Yunnan na Sin. Yanki ne mai damina da rani, kamar ƙasar Hausa, ko da yake ya fi ta ruwa. Lemu ba ya zubar da ganye, ba ya kuma yin wancan barci mai nauyi. Abin da yake bukata kafin fure shi ne ɗan hutu daga girma, kuma abu biyu ne ke sa shi wannan hutu: ko sanyi matsakaici, irin wanda bai kai digiri 20 ba, ko ƙishirwa ta 'yan makonni. Rani a Zamfara yana ba da duka biyun.

Yadda abin ke faruwa cikin jikin bishiya yana da ban sha'awa. Tun a shekarar 1936 wani masanin tsirrai na Tarayyar Sobiyet mai suna Mikhail Chailakhyan ya ce lalle akwai wani saƙo da ganye ke aika wa kan reshe yana umartarsa da yin fure, ya kuma raɗa masa suna filorijen, ba tare da ya iya ware shi ba. Sai a shekarar 2007 masu bincike suka tabbatar da cewa wani furotin ne ɗan ƙarami, wanda ake kira FT, da ake ƙerawa cikin ganye, ya bi jijiyoyin abinci har zuwa idon toho. A jikin lemu an ga cewa sanyi matsakaici ko ƙishirwa suna sa ƙwayar gadon da ke ƙera wannan furotin ta ƙara aiki. Idanun da suka sami saƙon sai su zauna shiru. Da zarar ruwa ya sauka, ko an yi ban-ruwa mai yawa, cikin mako uku zuwa huɗu bishiya ta yi fari fat da fure.

Manoman tsibirin Sisili na Italiya sun daɗe da mayar da wannan sana'a. Sukan hana itatuwan lemun tsaminsu ruwa na wata guda ko fiye a tsakiyar lokacin zafi, har ganye ya fara naɗewa, sa'an nan su kwarara musu ruwa. Furen da ya biyo baya shi ke ba su 'ya'ya a lokacin da kasuwa ta yi ƙaranci, farashi ya hau. Mai rijiya da injin ban-ruwa a fadamar Bunguɗu yana da wannan dama, har ma fiye, domin yana da tabbacin cewa daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwan sama ba zai zo ya ɓata masa shiri ba. Lemun tsami yakan nuna wata biyar zuwa shida bayan fure, lemun zaƙi kuwa wata bakwai zuwa tara, gwargwadon iri. Ke nan mutum zai iya ƙirgawa da baya daga lokacin da yake son kai kaya kasuwa, alal misali watan azumi, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara.

Sai dai akwai tarko. Furen da aka tayar cikin Fabrairu, 'ya'yansa suna ƙanana za su haɗu da zafin Maris da Afrilu, kuma a wannan mataki ne lemu ya fi saurin kaɗe 'ya'ya in ya ji zafi da ƙishirwa tare. Wanda ya zaɓi wannan lokaci dole ruwansa ya zama ba ya yankewa ko na mako guda. Furen farkon damina ya fi aminci, domin 'ya'yan za su girma cikin ruwan sama, su nuna cikin hunturu. Har wa yau, ƙishirwar ganganci ta bishiyar da ta balaga ce kawai. Dashen shekara ɗaya ko biyu in aka yi masa haka mutuwa zai yi. Mai hankali yakan fara gwadawa da itace biyar ko goma, ba gona duka ba.

A nan ya dace a kawar da wani zato. Mutane da yawa suna ɗauka lemun da ɓawonsa ke kore bai nuna ba. Launin ruwan goro da ake gani a lemun Masar ko na Afirka ta Kudu sanyin dare ne ke kawo shi: in ya sauko ƙasa da wajen digiri 13, sai sinadarin kulorofil mai launin kore ya rushe, launin da ke ɓoye ƙarƙashinsa ya bayyana. Lemun Binuwai, jihar da ta fi kowace noman lemu a Nijeriya, wanda kuma ke cika kasuwannin arewa, yakan zo da ɓawo kore ko ɗorawa-ɗorawa alhali cikinsa ya yi zaƙi sarai. Wani bambancin kuma shi ne, mangwaro da ayaba suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, lemu kuwa zaƙin da ya sauko da shi daga bishiya shi ne iyakarsa. Saboda haka ɗanɗano ake yi kafin a tsinka, ba duban launi ba.

Dalilin auren bishiya

Akwai wani agogo na biyu, na shekaru. Lemun da aka shuka daga ƙwallo yana da ƙuruciya mai tsawo. Yakan shekara shida zuwa goma yana miƙewa sama, cike da ƙaya, ba ya jin saƙon fure ko da alamar ta zo. Idon da aka yanko daga bishiyar da ta riga ta fara 'ya'ya kuwa yana riƙe da balagarsa duk inda aka kai shi, shi ya sa lemu ɗan aure ke fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Yadda ake auren shi ne a tsaga ɓawon ƙaramin dashe mai kaurin fensir, a tsayin santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, a cusa ido guda, a ɗaure da zirin leda. Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn sashe mai rai da ake kira kambiyam. In na idon ya haɗu da na gindin sai su manne cikin mako biyu zuwa uku. Daga nan a kwance ledar, a datse kan gindin, idon ya tashi ya zama bishiya.

Wani abin mamaki da ɗalibai za su iya gani da idonsu: in aka ɓare ƙwallon lemun zaƙi ko na lemun tsami, sau da yawa akan tarar da 'yan tayi fiye da ɗaya a ciki. Ɗaya ne kawai ya samu ta hanyar barbarar fure, sauran daga jikin uwar suka tsiro kai tsaye, don haka kamarsu ɗaya da ita. Masu renon dashe suna amfani da wannan wajen samun gindi iri ɗaya masu yawa.

Zaɓen gindi ba ƙaramin abu ba ne. A da, lemu mai tsami da ɗaci, wanda Larabawa ke kira naranj, shi ne gindin da duniya ta fi so. Cikin shekarun 1930 da 1940 wata cutar bairos mai suna tiristeza, ma'anarta baƙin ciki a harshen Fotugal, ta kashe miliyoyin itatuwan lemun zaƙi da aka aura a kansa a Ajantina da Birazil, ita ce kuma ta halaka gonakin lemun tsami a Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu. Cutar tana kashe jijiyoyin abinci daidai wurin auren, saiwa ta mutu da yunwa. Daga nan aka koma ga gindi masu jurewa, irin su lemun tsami mai kaushin ɓawo, wanda ke son jigawa yana kuma jure fari amma 'ya'yan da ke kansa ba su cika zaƙi sosai ba, da tanjarin Kiliyofatira, mai jinkirin fara 'ya'ya amma mai kyawunsu. Cibiyar binciken kayan lambu da na marmari ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, kuma irin waɗannan wurare ne ya kamata a nemi dashe. Mai sayar da dashe a bakin titi da ba zai iya faɗin sunan gindi da sunan idon da ya aura ba, bai san abin da yake sayarwa ba. Wannan taka-tsantsan ya ƙara zama wajibi tun da aka ba da rahoto a 2020 cewa an ga ƙwaron da ke yaɗa cutar huwanlonbin a Jihar Oyo, cutar da ta durƙusar da noman lemu a Filorida ta Amurka tun bayyanarta can a 2005.

Ruwa nawa, a kuma ina

Lemu yana bukatar ruwa daga milimita 900 zuwa 1,200 a shekara, amma a rarrabe, ba cikin wata biyar ba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Bishiyar da faɗin inuwarta ya kai mita 4 ta rufe wajen murabba'in mita 12 da rabi. In tana shan milimita 5 a yini cikin bazara, lita 63 ke nan, watau jarka biyu da rabi ta lita 25. In an dasa bisa tazarar mita 7 kowane gefe, hekta guda za ta ɗauki itace 204, bukatarsu kuwa ta haura lita 12,000 a yini. Wannan lissafi ake fara yi kafin a haƙa rami ko guda, kuma cikin Afrilu ake auna ƙarfin rijiya, ba cikin Oktoba ba. Itace ashirin da suka ƙoshi sun fi ɗari da ke fama.

Inda ake zuba ruwan ma yana kashe itatuwa da yawa. An saba a yi wa dashe kwari a gindinsa a cika da ruwa. Lemu ba ya son haka. Akwai wata ƙwayar cuta mai kama da fumfuna, Phytophthora, wadda 'ya'yanta ke iyo cikin ruwa. In ɓawon gindi ya daɗe a jiƙe sai ta shiga, a ga ƙaro yana tsattsafowa, ɓawo ya ruɓe ya zagaye gindin, bishiya ta bushe tana tsaye. Maganin shi ne a tara ƙasa 'yar tudu a gindi, a yi kwarin ruwan a zagaye daga nesa, ƙarƙashin bakin rassa inda ƙananan saiwoyi suke, kada kuma a binne wurin auren. A fadama a guji inda ruwa ke kwanciya cikin Agusta, domin saiwar lemu tana shaƙewa cikin 'yan kwanaki. Shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi yana rage ƙafewar ruwa, amma a janye shi daga jikin gindi saboda gara. Ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 ya kuma bazu Afirka ta Yamma cikin shekara biyu, yana saka ƙwai cikin mangwaro da lemu da gwaiba. Tsince waɗanda suka faɗo kullum, a ƙulle su cikin baƙar leda a rana, yana yanke masa zuriya.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin ilmin halittu. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara tun wajen shekarar 2011 sun hana mutane da yawa a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu isa gonakinsu na nesa. Gonar gero in an bar ta shekara guda ana iya komawa a shuka; gonar lemu in ta yi wata biyu na bazara ba ruwa, aikin shekara biyar ya tafi. Wannan ya sa dashen cikin gida, da bayan gari, da harabar makaranta ko masallaci, inda ruwan alwala ke zuba a banza, ya fi ma'ana fiye da babbar gona a daji. A irin waɗannan wurare lemun tsami ya fi lemun zaƙi haƙuri.

Wanda kuma ke sha'awar wani ɗan itace na daban da zai iya jure sakaci, magarya na nan a kowane fako. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, an yaɗa aura wa magaryar gida idon wani nau'in Indiya mai suna Gola, wanda ake kira tuffar Sahel. 'Ya'yansa sun ninka na magaryar daji sau da yawa a girma, yana fara bayarwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu da aure, yakan yi fure wajen ƙarshen damina, ya nuna cikin hunturu, ya zubar da ganye ya huta da bazara. Gindin da za a aura a kai kuwa ba sai an saya ba. Tsohuwar magaryar da ke bakin gona, in aka sare ta ta yi sabon toho, a kan tohon ake ɗora idon.